Sunan da Ban Karanta Masa Ba

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da ya san abin da ke cikin takarda ko an ninke ta.

A cikin akwatin da nake ajiye littattafan da na gada akwai wata takarda da na yago daga littafin rubutu na 'yan makaranta, an yi mata ninki huɗu. Ajami ne, da hannuna. Sunayen mutane ne a jere, kowane da garinsa a gefe. Kwana shida na yi ina cika ta a bakin ƙofar ɗakin maza na wani asibiti a Talata Mafara, lokacin jinyar wana. Duk sunan da ke cikinta na karanta masa shi da bakina, in ban da guda ɗaya. Labarin wannan gudan nake so in bayar, amma sai na fara da wanda aka zo dubawa.

Wana ya girme ni da shekara goma sha uku. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni, shi ya fara ɗora yatsuna a kan alƙalami. Yaya nake ce masa, mutanen garinmu Dakko kuma Malam. Da damina yana noman gero da dawa, da rani ya yi albasa a fadama, bayan la'asar ya zauna a zaure magidanta su zo ɗaukar karatu. Ni tun ina saurayi na koma Mafara, ina da ɗan shagon littattafai da tawada da turare kusa da tasha. Yaya mutum ne mai kamun kai ƙwarai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kansa ba hula ba. Ko wajen alwala ɗaga ta yake yi kaɗan, ya shafa, ya mayar.

Yana da aboki guda, mutumin Tsibiri, wanda suka yi karatu tare a gaban malami ɗaya a Maradun. Tabarma ɗaya suka kwana a kai shekaru, kwano ɗaya suka ci. Wata shekara, ranar ashirin da tara ga azumi, abokin nan yana Dakko wajen rufe tafsiri, sai ya ce ya ga jinjirin wata daidai kan wata giginya. Mutane suka taru, aka ce Malam ya kai shaidarsa ga hakimi. Yaya ya duba sama bai ga komai ba. Sai ya ce, a gaban kowa, ba za a karya azumin gari da shaidar mai jin yunwa ba. Aka yi dariya. Wasa ya nufa ko gaske, ban sani ba har yau. Kafin a kwanta rediyo ta sanar an ga wata a wurare da yawa. Da safe, bayan an sauko idi, mutumin Tsibiri ya hau kekensa bai taɓa tuwon sallar gidanmu ba. Shekara goma sha takwas ba su sake zama inuwa ɗaya ba. Yaya bai taɓa ambaton sunansa ba, mu ma ba mu ambata a gabansa.

Ciwon Yaya ya fara da kumburin ƙafa, a cikin bazara. Daga nan numfashi ya soma yi masa wuya, ba ya iya kwanciya sai a jingine. An yi rubutu ya sha, an dafa saiwoyi. Bai yarda a kawo shi asibiti ba sai ranar da ya tsaya limanci ya kasa kai ƙarshen Fatiha sai da ya huta sau uku. Ranar Laraba muka kawo shi.

Ɗakin dogo ne, gadaje hagu da dama, ba labule tsakanin wani da wani. Fanka tana juyawa idan akwai wuta, idan babu kowa ya ɗauki mafici. Wayoyi suna ta kuka, wannan ya kunna wa'azi, wancan yana rigima da wani a kan buhun taki. Wanda ya samu barci ya ɗauke shi, sai a tashe shi a auna jininsa, ko a yi masa allura, ko mai shara ta buga tsintsiya a ƙafar gado. Na ga wanda aka tasa daga barci don a ba shi maganin barci.

A gadon da ke kusa da na Yaya akwai wani mahauci daga Maradun, ƙato, mai ciwon suga, an naɗe masa ƙafa da bandeji. Bakinsa ba ya hutawa. Muna shiga ya ce, “Sannu da zuwa, Malam. Nan gidan haya ne, ba a zaɓen maƙwabci. Allah ya haɗa ka da mai minshari.” Idan ma'aikaciyar jinya ta nufo shi da allura sai ya ce, “Sista, ki bari in yi bisimilla tukuna. Ni ko akuya ba ni yanka ta haka kwatsam.”

Da yammacin ranar likita ya zo zagaye da mutum uku a bayansa. Saurayi ne, ba ɗan ƙasarmu ba, Hausarsa ta gabas ce, idanunsa jajaye don gajiya. Ya ɗage rigar Yaya har wuya, ya danna cikinsa, ya danna ƙaurinsa yatsa ya lotsa, suna ta magana da Turanci a kansa kamar masu taya sa a kara, kasuwar shanu. Garin ɗage rigar hula ta faɗi ƙasa. Kan Yaya ya bayyana, fari fat, ƙarami, ba kamar yadda nake zato ba. Bayan sun wuce wata ma'aikaciya, sa'ar 'yarsa ta uku, ta zo sa masa robar fitsari. Na tashi na buɗe babbar rigata na tsaya tsakaninsa da sauran ɗakin, amma riga ba bango ba ce. Mahaucin nan, Allah ya saka masa, ya juya baya ya shiga tari na ƙarya don ya rufe sauti. Yaya ya mayar da fuskarsa bango. Sai da aka kira magariba ya yi magana.

“Ka ga abin da bai kamata ka gani ba,” ya ce. “Ka manta.”

Washegari likitan nan ya dawo yana tura wani labule mai ƙafafun taya da ya samo ban san daga ina ba. Ya kewaye gadon da shi. Ya yi sallama, ya rage tsawo, ya ce, “Baba, jiya na yi gaggawa, ka yi haƙuri. In ka yarda zan duba ka.” Ya sa hannu ɗaya ya dafe hular a kan Yaya, ya yi aikinsa da ɗaya hannun. Ya kuma ce daga ranar namiji ne zai riƙa kula da robar. Wannan dafe hular shi ya saye ni. Na ce a raina, duk abin da yaron nan ya ce in yi, zan yi.

Kafin azahar ta ranar labari ya kai ko'ina. Mutanen Dakko suka fara zuwa, sai na Bakura, sai waɗanda suka taɓa ɗaukar karatu a zaurensa. Kowa da kwanon fura ko ledar lemo. Ga shi gaisuwarmu ba gajeruwa ba ce. Duk wanda ya shigo sai Yaya ya yunƙura ya zauna, ya gyara hula, ya amsa, sannan shi ma ya tambaya: ina gida, ina iyali, ina gajiya, yaya kuka baro tsohuwa, yaya hanya. Ba ya tsallake ko ɗaya, don a wurinsa rage gaisuwa rage mutum ne. Idan baƙo ya fita sai ya koma jingine, ƙirjinsa yana sama da ƙasa kamar zugazugin maƙeri, leɓɓansa sun yi duhu. Kafin ya dawo daidai wani ya yi sallama.

Ranar Juma'a da safe likita ya kira ni baranda.

“Baba, kai ne ƙanensa?”

“Ni ne.”

“Zuciyarsa ta gaji. Kowace gaisuwa da yake tashi ya amsa, kamar ya ɗauki buhu ne ya hau tudu. Yana buƙatar hutu. Kada ya tashi zaune, kada a sa shi dogon magana, kada a kawo masa abin da zai tayar masa da hankali.”

Na ce, “Likita, zai tashi kuwa?”

Ya dubi takardun hannunsa. Ya ce, “Rai na hannun Allah, Baba. Mu dai muna iya ƙoƙarinmu. Ku ba shi hutu.”

Na koma da wannan magana kamar wanda aka ba maganin da kansa. Na fahimci cewa in aka samu hutu za a samu lafiya, kuma hutun nan a hannuna yake.

Na jawo benci na ajiye a bakin ƙofar ɗakin. Korar mai dubiya ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, balle wanda ya biyo hanyoyin nan namu da ba a bin su sai da addu'a. Don haka na yi dabara. Na sayi littafin rubutu na yago takarda. Duk wanda ya zo sai in tashi mu gaisa sosai, in amsa a madadin Yaya, in ce likita ya hana shiga, amma ga shi zan rubuta sunanka, bayan la'asar in karanta masa. Mutane suka ji daɗin haka fiye da yadda na zata. Wasu har leƙowa suke yi su ga an rubuta daidai. Wata tsohuwa daga Bakura ta ce in ƙara a gefe cewa ita ce ta kawo furar da ba tsami.

Mahauci ya sa mini suna dogari. “Ga dogari nan ya shigo da takardar hukunci,” in ji shi duk la'asar. “Malam, ƙanen nan naka ko ni da nike ciki tsoron hita nikai, kada ya hana ni dawowa.” Yaya yakan yi murmushi. Ni kuwa in zauna a bakin gado in karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Kowane suna ya ce, “Allah ya ba da lada.” Idanunsa a rufe, numfashinsa a kwance. Na ga dabarata tana aiki.

Ranar Asabar ya ce in ba shi birona. Ya yagi gefen kwalin magani, ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana rubutu. Na tambaye shi ko in rubuta masa. Ya ce a'a, 'yar addu'a ce. Na fita na koma bencina. Ranar Lahadi aka sallami mahauci. Ya zo ya durƙusa da ƙafarsa mai bandeji a gaban gadon Yaya, suka yi magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka neman addu'a yake yi. Da zai wuce ni ya ce, “Dogari, a riƙa sassautawa. Ƙofa ma don a buɗe ta aka yi ta.” Na yi dariya.

Daga ranar Litinin, idan na gama karatun sunaye, Yaya ya soma tambaya.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Yaya.”

“Ba kowa daga Tsibiri?”

Shekara goma sha takwas ban ji sunan garin nan a bakinsa ba. Na fassara tambayar da hankalina: na ce tsoro yake yi kada mutumin ya ji yana kwance, ya zo ya gan shi da robar fitsari rataye a gefen gado, ya tuna masa dariyar da aka yi masa. Na ce, “Ba kowa.” Ranar gaskiya na faɗa.

Talata ta zo, ranar kasuwa, ranar da motocin ƙauyuka suke shigowa. Da hantsi ina zaune na hango wani tsoho siriri yana tahowa a hankali, gemu fari, takalmansa sun yi butu-butu, yana riƙe da 'yar leda. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Na tashi. Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, ya tambayi matata da 'ya'yana da shagona, har da ciwon bayan da na yi fama da shi tun ina saurayi. Bai manta komai ba.

“Na taho in ga Malam,” ya ce.

“Shina kwana,” na ce. Wannan ma gaskiya ce. Barci ne ya ɗauke shi mai nauyi, irin wanda bai samu ba tun zuwanmu.

“To, kada a tashe shi. Ina jira.”

Ya je gindin wani dogonyaro da ke fuskantar ƙofar ya zauna a kan saiwa, ya fito da tasbaha.

Gab da azahar Yaya ya farka. Na shiga na ba shi ruwa, na miƙa masa dutsen taimama, na gyara masa matashi. Fuskarsa ta yi haske, har ya ce yana jin yunwa. Na tsaya a kansa maganar tana bakina. Sai na tuna duhun leɓɓansa, na tuna likita yana cewa kada a kawo abin da zai tayar masa da hankali. Na san in mutumin nan ya shigo Yaya sai ya zauna, sai ya yi gaisuwar shekara goma sha takwas, wataƙila a tono abin da aka binne. Na ce a raina, bari ya ƙara kwana bakwai ya yi ƙarfi, in ya so ni da kaina in je Tsibiri in ɗauko shi. Na fito.

“Ya tashi, amma likita ya hana a shiga,” na ce wa tsohon. “Ko iyalinsa ba su shiga.”

Ya dube ni. Ya sa hannu a aljihun gaba kamar zai fito da wani abu, ya daɗe hannun yana ciki, sannan ya fito da shi ba komai.

“Likita ya fi mu sani,” ya ce. “Ko daga bakin ƙohwa ba ni leƙawa?”

“In ya gan ka sai ya tashi zaune. Ka san halinsa.”

“Na san halinai,” ya ce, har da ɗan murmushi.

Bai tafi ba. Muka yi azahar sahu ɗaya a masallacin asibitin, ya koma gindin itacen. Duk wanda ya zo na rubuta, yana kallo. Da rana ta karkata ya tashi, don motocin Maradun ba sa yarda yamma ta yi musu a hanya. Ya miƙo mini ledar, dabino ne.

“Ka hwaɗa mai na zo.”

“Zan rubuta,” na ce. Na rubuta sunansa a gabansa, na sa Tsibiri a gefe. Ya sunkuya ya karanta, ya ce hannuna irin na Malam ne sak.

“In Allah ya kai mu Talata ta sama, ina tahowa.”

Bayan la'asar na zauna a bakin gado. Sunaye tara ne ranar, nasa ne na bakwai. Na karanta na shida, idona ya sauka a kan na bakwai, na wuce na takwas. Ban ko yi tuntuɓe ba. Wannan yana cikin abin da ke ba ni tsoro da kaina har yau, yadda harshena ya tsallake shi sumul.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Yaya.”

“Yau Talata ko? Motocin Maradun sun shigo?”

“Sun shigo.”

“Ba kowa daga Tsibiri?”

Na ce, “Hanya ba kyau kwanakin nan, Yaya.”

Can ya ce, “Awo. Hanya.”

Na buɗe ledar na ba shi dabino, ban ce daga ina ba, shi ma bai tambaya ba. Ya ci guda ɗaya. Sannan ya ɗaga hannu ya cire hularsa da kansa, ya ajiye a gefen matashi, ya juya bango. Na ɗauka zafi ne ya dame shi. Na ɗauki mafici.

Ranar Laraba ya wuni yana barci. Na yi ta murna, na ce wa iyalinsa hutu ya fara aiki. Da la'asar na karanta sunaye, bai tambayi komai ba. Likita ya zo ya daɗe da abin saurarensa a ƙirjin Yaya, ya ɗauki hular zai mayar masa, Yaya ya girgiza kai. Da likitan zai fita ya ce mini, “Baba, ku yi ta addu'a.” Na ce muna yi. Ranar Alhamis da hantsi, ina riƙe da hannunsa ina maimaita masa kalmar shahada, Allah ya karɓi abinsa. Muka kai shi Dakko kafin la'asar.

Ranar uku mutumin Tsibiri ya zo gaisuwa. Bayan an yi addu'a ya ja ni bayan zaure. Ya sa hannu a aljihun nan na gaba, wannan karon ya fito da abin. Guntun kwalin magani ne. Na gane rubutun tun kafin in karɓa, harufan suna rawa, tawadar birona ce. Layi biyu ne. “Ka taho don Allah. Ka ga wata, ni ne ban gani ba.”

“Wani mahauci ya kawo min har gida, yana ɗingishi,” ya ce.

Na zauna a ƙasa. Na ce, “Yana aljihunka ranar? Don me ba ka nuna mini ba?”

“Sirrinai ne. Kai ƙanenai ne, shi ya rene ka. Ban so ka ga inda ya sunkuyar da kai ba.” Ya karɓi kwalin ya mayar aljihu. “Ni na yahe mai tun shekarar. Na dai so ya ji da kunnenai. Amma tunda ka hwaɗa mai na zo, ya san amsar. Ka hwaɗa mai ko?”

Da na ce e, da ya tafi da sanyin zuciya. Na ce, “Ban faɗa ba. Na tsallake sunanka.”

Tasbaharsa ta tsaya. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai, “Ke nan ya tahi shina zaton na ƙi zuwa.”

Bayan kamar wata biyu likitan nan ya shigo shagona sayen turare, bai san nawa ba ne. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya. Na ba shi kujera. Na ce ina da tambaya, kuma don Allah ya amsa mini ba tare da ya dubi takarda ba.

“Ranar da ka kira ni baranda, ka san ba zai tashi ba?”

Ya juya kwalbar turaren a hannunsa. “Sani na Allah ne, Baba. Amma abin da na gani, tun ranar na san kwanaki ne. Hutun don ya samu sauƙin numfashi ne, ba don ya warke ba.”

“Da ka faɗa mini haka, da na ɗauke bencin nan.”

Ya ce a inda ya fara aiki ya taɓa faɗa wa wasu gaskiya a kan mahaifinsu. Suka ce yana shiga sanin gaibu, yana yi wa mutum fatan mutuwa, suka ɗauke tsohon a ranar, ya cika a bayan mota a kan hanya. Tun daga nan yake auna mutum kafin ya yi magana.

“Ni ka auna ni ka ga ba zan iya ɗauka ba?”

“Ka tambaye ni ko zai tashi, Baba, amma idonka roƙona yake yi in ce e.”

Na ba shi labarin tsohon da ya wuni gindin dogonyaro. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge, ya ce ya tuna ya wuce shi sau biyu ranar, ya ɗauka mai jiran karɓar magani ne. Ban riƙe shi a zuciya ba. Shi ya ɓoye mini don ya tausaya mini, ni na ɓoye wa Yaya don na tausaya masa, tsohon ya ɓoye kwalin don ya rufa masa asiri. Sai dai tun daga ranar, idan likita ya ce mini rai na hannun Allah, nakan ce na sani, sannan in sake tambaya, in kawar da idona gefe don kada ya karanta roƙo a ciki.

Na tambayi malamai, sun ce haƙƙin ya sauka tunda mai shi ya yafe, ko wanda aka yafe wa ya ji ko bai ji ba. Na yarda da wannan, ina kuma gode wa Allah a kai. Abin da ba su iya sauke mini ba shi ne yini biyun nan, daga la'asar ta Talata zuwa hantsin Alhamis, da ya kwanta fuskarsa a bango, kansa ba hula, yana zaton ya miƙa hannu an bar shi a miƙe.

Da damina ta faɗi na aika wa mutumin Tsibiri, muka haɗu a Dakko. Muka je maƙabarta tare, ciyawa ta fara rufe kabarin. Muka yi sallama, muka yi addu'a. Sannan na fito da takardar na buɗe ninkinta, na karanta sunayen ranar Talata tun daga na farko, a hankali, yadda na saba. Da na zo na bakwai na faɗe shi da ƙarfi, da garinsa. Tsohon ya matso ya durƙusa, ya ce, “Malam, ga ni na taho. Tun Talatar nan na taho.” Muka tsaya kamar masu jiran a ce Allah ya ba da lada. Malamai sun yi saɓani a kan abin da mamaci ke ji, ni ban isa in raba musu ba.

Tsohon ma ya rasu bara. Kwalin yana aljihunsa, in ji iyalinsa.

Shagona yana kusa da inda motocin Maradun suke lodi. Duk ranar Talata, idan rana ta karkata, masu kiran fasinja suka fara gaggawa don kada yamma ta yi, nakan ji tambayar nan a bayan kunnena, da muryarsa, da numfashin nan mai yankewa. Ba kowa daga Tsibiri? Nakan ajiye abin da ke hannuna in amsa. Wani lokaci a zuci, wani lokaci har mai sayen tawada ya ɗago kai ya ce, “Na'am, Malam?” In ce ba da shi nake ba.

“Ya zo, Yaya. Yana gindin itace tun hantsi.”

Allah ya gafarta musu, ya haɗa su inuwa ɗaya, ya yafe wa mai tsaron ƙofa.